Dattijon da ke cire lanƙwasar haruffa

Mai gyaran firinta yana durƙushe a gefen tebur, amma hankalinsa na kan dattijon da ke zaune gaban kwamfuta. Rigarsa ta sha guga duk da wuyanta ya koɗe, tabaransa kuma an ɗaure ƙafarsa ɗaya da zare. Yadda yake bin layi da ɗan yatsa, mai gyaran yana jin tsohon malamin makaranta ne, irin wanda ke zagaye kuskure da jan biro.

Littafin bayanin wata manhaja ne a gabansa. Manhajar ba ta gane haruffa masu lanƙwasa, sai ta nuna akwati a gurbinsu, shi ya sa aka ba shi aikin mayar da kowace ƙ ta zama k, kowace ɗ ta zama d.

Shugaban ofishin, wanda bai wuce sa'ar ɗansa ba, ya leƙo. "Baba, har yanzu? Maɓalli ɗaya fa zai canza su duka."

"Ranka ya daɗe, a nan 'ƙare' zai koma 'kare'."

"Za su gane, Baba. Wa ma yake karanta littafin?"

Ɗaya bayan ɗaya dattijon yake bin haruffan, yana furta kowace kalma daidai a hankali kafin ya goge harafin. Da ya kai tsakiyar shafi sai leɓensa ya daina motsi, yatsan kawai ke aiki.