Ranar da Magabatan Kawu Pilgu Suka Ƙoshi

Duk wanda ya sake ce wa Kawu Pilgu wawa a ƙarƙashin rubutuna, toshe shi zan yi, ko ɗan gidanmu ne. Yayata Hyerim da ke koyar da Turanci ta ce kalmarsa naive ce, wato mai ɗaukar zuciyar kowa irin tasa ce. Ta ce Turawa ba yabo suke yi da ita ba. Su suka sani.

Kawu ƙanin mamata ne. Ya haura arba'in, bai yi aure ba, yana zaune da mahaifiyarsa, Kaka Sunrye, a nan birnin Daegu. Tun yana saurayi yake kai wa mutane taliya a babur, kuma babur ɗin nan shi ne gonarsa. Ka ce masa miya ta huce, zai juya ya kawo wata ko kwanon bai taɓa ba.

Bara da shigowar sanyi wasu biyu suka tare shi a bakin tasha, mace da namiji, tsaf da su. Kun san irinsu, masu ce maka fuskarka da haske. Ko yaron firamare ya san ya sunkuyar da kai ya wuce. Kawu kuwa kashe babur ya yi.

"Malam, magabatanka yunwa suke ji," in ji matar. "Shi ya sa aure ya ƙi ka."

"Yunwa? Tun yaushe?"

"An daɗe. Sai an yi musu babbar hidima, kuma da tsada. Wannan babur ɗin zai isa."

Nan take ya kira wani dillali, aka tsayar gobe da safe za a zo a ɗauka. Sannan ya ce, "Amma ku zo ku faɗa wa Mama da bakinku, ni ban iya bayani ba." Suka kalli juna. Tsohuwa mai gidan kanta? Har rige-rige suke.

Abin da ba su sani ba, ranar ake haɗa kimcin shekara, wato kabejin da ake cusa wa barkono a ajiye ana ci. Kabeji tsibi guda a tsakar gida, barkono na shiga ido. Dokar Kaka kuma ɗaya ce: wanda ya tsallako ƙofa ranar, hannunsa ya shiga aiki.

Kawu ya zayyana mata komai, har maganar dillali. Kaka ko ɗagowa ba ta yi ba.

"Wanne ne mai yunwar? In kakansa na wajen uba ne, wannan ko da ransa bai taɓa ƙoshi ba. Zauna, 'yata, ga safar hannu. Kai kuma dogo, ga tafarnuwa."

"Kaka, mu magana muka zo yi..."

"Baki ke magana, ɗana. Hannu me yake jira?"

Haka suka wuni a tsugune. Da matar ta ɗauko zancen hidima sai Kaka ta ce, "Cusa barkonon har gindin ganye, wa ya koya miki haka?" Namijin ya miƙe wai zai amsa waya, Kawu ya riƙe masa ita a kunne don kar aiki ya tsaya. Shi fa taimako yake yi.

Da la'asar Kaka ta ajiye wa magabatan ƙaramin tebur, ta ɗora sabon kimci da dafaffen nama da shinkafa, ta sa Kawu ya duƙa har ƙasa. Sai ta juya ga baƙin.

"To, ku ne masu ganinsu. Sun ƙoshi? In da saura ku faɗa, kar ku ji kunya. Maƙwabciyata gobe take nata kabejin, ya ninka wannan, ga ɗaki sai ku kwana."

Matar ta kalli hannunta da ya yi jawur. Namijin ya kasa miƙe bayansa.

"Sun ƙoshi, Kaka," in ji shi.

"Dukkansu? Duba da kyau."

"Har sun tafi."

Kawu sai hawaye. Ya kira dillali ya ce ya yi haƙuri, an fasa, magabata sun ci sun gode. Da gari ya waye yana kan babur ɗinsa, taliya na tururi a baya.

Har yau in zancen ya taso cewa yake, "Mutanen kirki. Wuni guda suka yi mana aiki, ko won ɗaya ba su karɓa ba."