Harawar Mijin Ƙanwata

Aikina dillancin harawa ne, tun ina da gashi baƙi. Mai saye ya zo, in kwance dami, in tura hannu har ciki, in duba. In na ce "na tsaya mata," to babu ƙuduji a ciki, wanda wasu ke ce wa wuta-wuta. Wanda bai noma ba zai ce mi ne ne abin damuwa, ai dabba ce za ta ci. To dabba ta ci ta yi kashi, a kwashe takin a kai gona, irin ƙudujin ya bi shi. In ya zauna gona, gero ya gama yawo.

Wata kaka mijin ƙanwata ya iso wurina kasuwa da amalanke cike da harawar wake. Ya tarar da wani Alhaji na Ƙofar Taramniya, mai kiwon bijimai bayan gida, wanda duk takinsa gonarsa ta wajen Kalambaina yake kai wa. Wurina yake saye kullum, bai ko taɓa damin da hannunsa.

Na kwance na farko. Waje kore shar, tsakiya kuwa ƙuduji ne busasshe da 'ya'yansa. Na biyu haka.

"Yaya, ɗaure mana," in ji mijin ƙanwata, yana dariya. "Kai da ka ba ni mata kyauta ka tsaya binciken ciyawa?"

"Mata dai na ba ka. Ban ba ka bakina ba. Wagga harawa daga ina ka yanko ta?"

"Gonar gado."

"Wadda ƙuduji ya cinye bara?"

Ya matso ya rage murya. "Don Allah, Yaya, ka ce ka tsaya. Kalma guda ce. Haihuwar ƙanwarka ta kusa, ka sani."

Na sani. Shi ya sa raina ya ƙara ɓaci. Da ya zo mini shi kaɗai da na nemo masa mai tumakin cikin gari da bai da gona. Amma ya zaɓi ya sa ni gaban mutumin da ya yarda da bakina, don ya san kunya za ta kama ni.

Alhaji ya ce, "Malam, ka tsaya mata?"

Na ce, "Ban tsaya ba."

Mijin ƙanwata ya ja amalankensa ya tsallake titi, nan take wani ya saye, ba tambaya. Ko gonar wa ta ƙare, oho.

Abin da ke ci mini rai har yau, ni anka mayar mai laifi. Dangi sunka ce na tozarta suruki a kasuwa saboda haki. Babu wanda ya ce masa don mi ya cusa ƙuduji tsakiyar dami.

Ƙanwata ta haihu, namiji. A bakin maƙwabta na ji. Ranar suna na tafi unguwarsu, Gidan Dare, ba gayyata, na zauna can gefen tabarma. Anka raba goro, mai rabo ya zo kaina ya dubi maigidan, ya wuce. Na tsaya har anka shafa fatiha, na sa takalmina. Yaron yanzu yana gudu, ban taɓa ɗaukarsa ba.