Ramin da Ba Wanda Ya Gani

Ƙarfe tara da rabi na safiyar Laraba motar kasuwa ta iso bakin ramin, ta tsaya, ta juya inda ta fito. Direban ne ya gaya mini lokacin daga baya, don tsakanin Safana da Batsari shi kaɗai ke ɗaura agogo, kuma ba ya bari a manta da haka. Ni kuwa ina zaune kan akwatina na kwano a gindin tsamiyar bakin ƙauyenmu, na sha wanka, ina jiran motar ta zo ta kai ni Batsari, daga can in sami ta Katsina. Hutu ya ƙare. Baturiyar da ke shugabancin makarantarmu ta 'yan mata ta riga ta faɗa mana cewa duk wadda ba ta kwana a makaranta ran Asabar ba, an ba wata gadonta. Matar nan ba ta iya wasa ba, ko da Hausa ko da Turanci.

Da rana ta take na bar akwatin wurin mai fura, na bi hanya in ga abin da ya faru. Ruwan da aka kwana ana yi ya tafi da kwalbati, ya raba burjin gida biyu. Ramin zai haɗiye raƙumi da kayansa. Abin da ya fi ramin ba ni mamaki shi ne mutane. Mata da ƙorai a kai, Fulani da shanu, masu jakai, kowa ya iso sai ya sauka gefe ya bi wata 'yar turba, yana ci gaba da hirarsa, ko waige babu. Dama doka ta hana jaki da saniya taka burji, wai na mota ne. Motar kuwa guda ce, sai ta Di'o, Baturen mulki, in ya fito rangadi. Duk ƙasarmu ba wanda ramin ya tsare wa tafiya sai ni.

A makaranta an koya mana cewa mutumin kirki in ya ga ɓarna a hanya, sai ya sanar da hukuma. Na haddace darasin, har an yaba mini a gaban aji. Matsalata ita ce ko gaisuwa in zan yi sai na maimaita ta a zuci tukun. Haka na yi ta bitar maganata har na isa gona wurin Baba, yana tsakiyar maimai.

"Baba, hanya ta yanke."

"Wace hanya?"

"Ta mota. Akwai rami."

Bai ɗago daga kan hauya ba. "Allah ya kyauta," in ji shi. "Kauce, kina taka mini gero."

Kashegari na nufi Kawu, wan Innata, shi ne mai unguwa. Na same shi a rumfar mahauta. Na durƙusa, na gaishe shi da kwana, da gajiya, da iyali, da ruwa, da aikin gona, har gaisuwa ta ƙare mini. Sannan na faɗa wa ƙasa, don ita nake kallo, cewa akwai rami a hanya.

Wani mahauci ya aje wuƙa. "Kai jama'a, 'yar boko ta gano rami! Mu da muka yi furfura a nan ba mu gan shi ba. Malama, tabarau ake raba muku a Katsina?"

"Rabu da ita," in ji Kawu, yana ɓoye dariya a cikin rawani. "Tashi, 'yata. Zan kai maganar gaba."

Ya kuwa kai, ba zan yi masa ƙarya ba. Na bi shi daga nesa na raɓe a bayan zauren dagaci, kunnena a jikin bango.

"Ranka ya daɗe, ruwa ya sauka da albarka. Hanya ma ta ɗan sami rabonta."

"Madalla. Ta wajenmu, ko ta wajensu?"

Ramin ya faɗo daidai iyakar ƙasar dagacinmu da ta maƙwabcinsa na wajen Batsari. Kawu ya karkata kai kamar mai aunawa.

"Kamar dai ta fi kusa da su, ranka ya daɗe."

"To, Allah ya ba su haƙuri."

Na ji daga baya cewa shi ma wancan dagacin ya roƙa mana haƙuri, da zuciya ɗaya. Labarin da ya isa gaban hakimi daga ɓangarorin biyu iri ɗaya ne: ƙasa lafiya, damina ta yi kyau.

Na sani, kamar yadda kowane yaro ya sani, cewa a zamanin nan gyaran hanya a wuyan talakawa yake. In ta lalace a ƙasar dagaci, shi zai fitar da magidanta da kwanduna su yi ta jidar marmara har sai Bature ya ce ya isa, ko da ciyawa na cin gonakinsu. Sai dai a littafinmu darasin hanya daban, darasin noma daban, ni kuma ban taɓa tunanin ɗora ɗaya kan ɗaya ba. Na koma gida na zauna kan akwati, na yi kukana a hankali don kada in dami kowa.

Ran Juma'a bayan sallar asuba na fito na tarar Baba ya ɗaura wa jaki akwatina. Ya ɗora ni a bayan akwatin, ya kama hanyar Batsari da ƙafa, hauyarsa jingine a bakin ƙofa. Da muka iso wurin, ya ja jakin ya sauka turba kamar kowa, idonsa na kan wata gonar gyaɗa, har yana yaba ta.

A nan haƙurina ya ƙare, na yi magana ba tare da bita ba.

"Baba, don Allah, ga shi nan fa. Ka gwammace ka taka har Batsari da ka ce ka gan shi? Wai ramin nan na wane ne?"

Ya tsuke igiyar akwati, ya kaɗa jakin gaba.

"Na wanda ya fara ganinsa ne, 'yata. In na kai ki, gobe kin kwana a makaranta, ni jibi ina gona. In na ga rami, sai kaka za a sallame mu. Riƙe da kyau, akwai gangara."