Takalmin Inna da Ke Ƙarƙashin Maɗaci

Shekarun baya, lokacin da nake ganin tsakanin Sabon Birni da Isa babu wanda ya kai ni iya aiki, saura ƙiris in binne mahaifiyata da ranta. Da hannuna, da rana tsaka, mutane na tsaye suna yi mini kirari. Ɗazu da safe ina laluben fayil ɗin wasa sarƙa a akwatin kayan aikina hannuna ya taɓo abin da ya tuna mini, shi ya sa na ce bari in ba ku labarin.

Lokacin ban daɗe da sayen injin yanka itace ba, irin mai sarƙar nan da ake tayarwa da igiya. Wata uku kacal na yi ina bin wani mai inji a Isa. Na koyi haɗa fetur da mai, na koyi wasa haƙoran sarƙa, sai na ga ai na sauke karatu. Kai, na yi tashe! In na ɗaure injin a bayan mashin na shigo ƙauye, har rage gudu nake yi don a gan ni da kyau. Masu gidan burodi da masu tuwon sayarwa duk ni suke nema, domin itacen da mai gatari zai kwana huɗu a kansa, ni kafin azahar na mai da shi gunduwa-gunduwa.

A garinmu, Gangara, akwai wani tsoho mai faskare, tsaran marigayi mahaifina. Tun ina yaro shi ke sare wa gari itace. Injina ya kashe masa kasuwa, ni kuwa ko a jikina. In na gamu da shi da gatari a kafaɗa sai in ce, "Baba, a kai gatarin nan gidan tarihi mana, a huta." Ya yi murmushi ya ce, "Allah shi ba da sa'a, ɗana." Wallahi yanzu in na tuna, kunya ke rufe ni.

Farkon wata damina aka yi hadari mai iska, ya kayar da babban maɗacin da ke bakin hanyar fadama. Ba karyewa ya yi ba, tumɓuke shi iska ta yi. Gangar jikinsa ta kwanta ta tare hanyar amalanke, gindin kuma ya ɗago da saiwoyi da ƙasar da ke manne da su, ya tsaya kamar katangar ɗaki, har ya fi ni tsawo. A bayansa ga ramin da ya fito, zai kai ƙugun mutum. Mai gari ya aika Sabon Birni, inda nake zaune, a kira ni in buɗe hanya, na zo na kwana gida.

Ni ne ɗan farin mahaifiyata, kun kuwa san yadda abin yake a wurinmu. Ba ta faɗin sunana, ba ta tsayawa inda nake cikin mutane, magana ma in za ta yi mini sai ta kau da kai kamar da bango take yi. Da safe ina ɗaure inji ta ce, "Kai wanga, in ka tahi wurin iccen nan, ka saro mini saiwa kaɗan in jiƙa. Cikin nan ya dame ni."

Na ce, "To Inna, an gama." Ban kai ƙofar gida ba na manta.

Kafin in isa wurin ya cika. Maza sun zo kallo, wasu na sassaƙar ɓawon maɗacin don magani. Na ja igiya, inji ya ɗauka, kowa ya ja da baya. Na fara da rassa ina zubarwa, masu amalanke na kwashewa, wani na cewa, "Kai, wanga yaro aljani ne!" Kaina ya ƙara girma. Tsohon nan na zaune a gefe a kan wani reshe, gatarinsa a jingine, ba wanda ya ba shi aiki.

Wajen azahar saura gangar kawai. Na yi niyyar in yanke ta dab da gindi don kada katako ya yi asara. Ina gyara tsayuwa sai tsohon ya taso ya ce, "Ɗana, kahin ka taɓa wurin nan, zagaya ka..." Ban bari ya ƙarasa ba. Na matsa wa inji wuta da gangan, ƙara ta haɗiye maganarsa, mutane suka yi dariya. Ya koma ya zauna.

Na kafa sarƙa ina yanka. Na wuce rabi sai na ga bakin yankan yana buɗewa da kansa, inji na tafiya sumul ba ya cijewa. Ni wawa har murna nake yi, wai itacen yana ba ni haɗin kai.

Sai na ji tim a gadon bayana. Kafin in juya wani hogen ƙasa ya sake samuna a ƙeya, hulata ta faɗi. Na zare inji na juyo a fusace, ashe tsohon nan ne ya jefe ni, ga shi a guje, mutumin da ban taɓa ganin ya yi sauri ba, yana ɗaga hannu yana ihu. Na rage wa inji wuta na ji yana cewa, "Kashe shi! Kashe shi, na ce!"

Na kashe, bakina cike da baƙar magana. Amma da wurin ya yi tsit sai na ji abu biyu. Itacen yana wani ƙas, ƙas, a hankali daga inda na yanka. Daga bayan katangar saiwoyin kuma ana sara da ƙaramin abu, ƙwas, ƙwas.

Tsohon bai ko kalle ni ba, ya zagaya. Na bi shi. Mahaifiyata ce a cikin ramin, a duƙe, da 'yar fartanyarta da ƙwarya, tana saran saiwar da ta aike ni. Ta jira ni ta gaji, ta taho da kanta. Da ta hango ni cikin maza sai kunya ta hana ta zuwa ta gaba, ta bi ta bayan gonaki ta shiga ramin ba wanda ya lura. Tsohon kaɗai ya hangi gefen mayafinta.

Ya ce, "Hito! Hito maza, bar komi!"

Ta ɗago ta ce, "A'a, Malam, lahiya?"

Bai tsaya bayani ba. Ya kama wuyan hannunta ya fizgo ta waje, abin da a ranar lafiya ba zai taɓa yi ba. Takalminta ɗaya ya maƙale a taɓo. Ta juya za ta koma ta ɗauko, ya tare ta da jikinsa yana tura mu baya ni da ita.

Ba mu yi taku goma ba sauran itacen ya ɓalle da kansa. Gindin nan gaba ɗaya, da saiwoyi da ƙasa, ya koma raminsa, dim! Na ji ƙasa ta motsa a tafin ƙafata. Da ƙura ta lafa babu rami, babu ƙwarya, babu fartanya. Kututture ne kawai a tsaye kamar bai taɓa faɗuwa ba.

Masu kirari suka koma salati. Ni kuwa na zauna daɓas a taɓo. Inna ta dubi kututturen ta daɗe, ta saci kallona sau ɗaya, sannan ta ce, "Ƙwaryar nan hwa sabuwa ce." Ta cire ɗayan takalmin ta yar, ta kama hanyar gida ba takalmi. Na rarrafa na ɗauke shi.

Da la'asar na shiga gida na durƙusa a ƙofar ɗakinta, ina hawaye. Tana tankaɗe, ba ta ɗago ba ta ce, "Ba nan za ka durƙusa ba. Ka san gidan da za ka."

Na sami tsohon a ƙofar gidansa yana gyara ƙotar gatari. Na ce, "Baba, ka yahe mini." Ya ce in tashi in zauna. Sannan ya ce, "Iccen da iska ta tumɓuke bai mutu ba, ɗana. Rabin saiwarshi na cikin ƙasa tana ja, nauyin ganga ne ka danne shi. Kana raba su, shi koma inda ya hito. Mu masu gatari muna jin shi in ya hwara kuka, don tsakanin sara da sara akwai shiru. Kai abinka ba ya barin ka ji komi." Ya dubi gatarin, ya ce, "Gidan tarihin nan da kake hwaɗi, a Sakkwato yake ko?" Na yi dariya ina share hawaye.

Daga ranar ban sake fita aiki ba tare da shi ba. Ni in yanka, shi ya faskara, kuma ba na jan igiya sai ya zagaya itacen ya dawo ya ce, "Bismilla." Shi ya koya mini duba inda itace ya karkata, da gane reshen da ke danne da wanda ke ja. Mun yi shekaru a haka kafin Allah Ya karɓi abinsa. Duk wanda ya karanta wannan, don Allah ya sa shi a addu'a. Mutumin da na raba da abincinsa na kuma mai da shi abin dariya, shi ya hana ni zama wanda ya kashe uwarsa. Ban san da bakin da zan gode masa ba, har yau.

Inna tana nan da ranta, alhamdu lillahi, ta ga jikoki har da tattaɓa-kunne. Har gobe ba ta faɗin sunana. Maɗacin ma ya sake tofo, yanzu masu dawowa daga fadama har hutawa suke yi a inuwarsa. Takalminta na dama yana ƙarƙashinsa. Na hagu yana cikin akwatina, a saman fayil da sarƙa, inda dole sai na ɗaga shi kafin in ɗauki komai. In na ɗaga shi sai in ajiye inji, in zagaya itacen da ƙafata, in leƙa bayansa, in yi sallama da ƙarfi, in tsaya in saurara.