Ranar da Na Ƙi Yi wa Mahaifina Sakiya

Yau shekaruna tamanin da bakwai, al'amarin nan kuwa ya shekara sittin da biyu da aukuwa.

Mu wanzamai ne kaka da kakanni, babu gida a Katagum da askarmu ba ta shiga ba. Mahaifina ya riga ya faɗa a bainar jama'a cewa ni zan gaji zabirarsa, jakar kayan aikin da shi ma ya gada.

Da kakar gyaɗa cikinsa ya kumbura, ga zazzaɓi, ga amai mai ɗoyi. In na ƙwanƙwasa cikin sai ya amsa kamar ganga. Aka ba shi jiƙon kanwa, abin ya daɗu. Rana ta uku ya kira ni, ya nuna ƙasan haƙarƙarinsa.

"Sa kibiya a wuta, ka yi mini sakiya nan. Iska ce, ƙofa take nema."

"Baba, ban taɓa ganin an huda ciki mai shi ya tashi ba."

"Nawa ka gani duka-duka? Jiya-jiya na yi maka kaciya."

Na ajiye kibiyar. Ban taɓa saɓa masa ba sai ran nan. Na ɗora shi bisa buhuna a motar gyaɗa har asibitin Azare.

Likita ya duba, ya ce ta bakin tafinta, ƙwayoyin cuta ne suka shiga bangon tumbinsa suna haifar da iska, ciwon da ba safai ake gani ba, kuma ba za a sa masa wuƙa ba. Aka zura masa siririyar roba ta hanci har ciki, aka hana shi ci da sha, sai allurar fanisilin da ƙarin ruwa. Kwana tara ina mayar da ƙwaryar kunun masu dubiya, shi yana kallona. Kumburin ya sace, Allah ya tashi kafaɗunsa.

Da muka koma gida ya tara dangi, ya miƙa wa ƙanena zabirar.

"Ta hannun wancan Allah ya ba ni lafiya, na gode masa," in ji shi, yana nuna ni. "Amma hannun da ya yi shakkar ƙarfe ba ya riƙe aska."

Ya ƙara shekara goma sha ɗaya a duniya, ni kuwa na koma noma a Disina. Da za a maimaita, haka zan sake yi, amma zafin maganar bai huce ba. Baffana da limamin unguwarmu suna zaune aka faɗe ta, Allah ya jiƙansu. Ƙanwata ma ta ji daga bayan zana, tana nan da ranta a Itas.