Baƙon da Ya Zo Kallon Layin Zaɓe

Ƙarfe sha ɗaya saura kwata na safiyar wata Asabar, a harabar wata makarantar firamare da ke wajen Adabka, na ga abin da ban taɓa mantawa da shi ba a aikin ɗan sanda. Waɗanda ke wurin su ne: ni da nake sajan a lokacin, Kofur Lawali, Malama Hadiza shugabar rumfar zaɓe, wakilan jam'iyyu biyu, da layin maza da na mata. Zaɓen ya zo ne bayan sojoji sun karɓe mulki a Nijar.

Ga wanda bai san aikin ba, ɗan sandan rumfa ba ya riƙe bindiga, ba ya taɓa akwati, ba ya leƙa ƙuri'ar kowa. Umarni na shugaban rumfa ne. Mai zaɓe yakan nuna kati, ya dangwala babban yatsa a tawada, ya jefa ƙuri'a, ya koma gefe. Wanda ba ɗan ƙasa ba, ba shi da hurumi a wurin.

Duk satin nan ana ta raɗe-raɗin cewa an kwaso mutane daga Nijar su yi dangwale. Kowace jam'iyya tana cewa ɗayar ce ta kwaso su. Ana cikin haka sai Alhaji Garba, wakilin jam'iyya ɗaya, ya damƙo hannun wani dattijon Buzu da ke tsaye a gindin katanga, ya ɗaga shi sama. Yatsun dattijon duk shuɗi.

"Ga shi nan! Wanga mutum ba namu ba ne, ku duba hannunai, ya dangwala har ya gaji."

Layin maza ya karkace. Na ga wasu suna cire takalmi, wani ya ɗauki reshen dalbejiya. Na san in aka fara dukan tsohon nan ba zai tashi ba.

Da farko na shiga tsakani, na sa bayansa ya jingina da katanga, ni ina gabansa. Na biyu na ce wa Lawali ya tsaya kusa da akwati, kada ya motsa ko da ni ake duka. Na uku na tambayi Malama Hadiza da ƙarfi, yadda kowa zai ji, ko mutumin ya zo teburinta. Ta ce bai zo ba. Alhaji Garba ya ce ai bakinsu ɗaya ne.

Sai wata tsohuwa daga layin mata, Inna Kulu mai fura, ta ce ta san shi. Agali sunansa, shi ke gadin rumbun hatsin da ke bayan kasuwa. Ta ce shuɗin na rawaninsa ne, turkuɗi ne mai zuba, kullum sai ya ɓata mata ludayi. Nan take mutane suka ce to ya sauke amawali, wato ɓangaren rawanin da ke rufe baki, a ga ko fuskarsa ma shuɗiya ce. Har wani ya miƙo hannu zai fizge.

Na buge hannun. Na yi aiki a Gummi tare da Buzaye masu gadi, na san dattijonsu ya gwammace a mare shi da a buɗe masa baki a gaban jama'a, balle ga mata tsaye. Na tambayi Agali ko akwai wata hanya. Ya kamo jelar rawanin, ya buɗe tafin hannun Alhaji Garba, ya murza masa a hankali. Tafin ya koma shuɗi.

Wakilin ɗayar jam'iyyar, wani mai tsokana da ake kira Ɗan'auta, ya ce, "Saje, kama Alhaji, shi ma ya dangwala da hannu guda." Mata suka fara dariya, maza suka bi. Mai reshe ya yar da shi kamar ba shi ya ɗauka ba.

Duk da haka doka tana nan. Na gaya wa Agali dole ya bar harabar, kuma ni da kaina na raka shi. A hanya na tambaye shi me ya kawo shi inda ya san za a iya taɓa lafiyarsa.

"Ranka shi daɗe, kallo na zo. Ni ma na taɓa tsayawa layi irin wanga a garinmu can Nijar, tun hantsi har la'asar. Wanda na zaɓa bai ci ba. Ban ji zafi ba, na ce wani karo. Yanzu ban san ranar da wani karon zai zo ba."

Ya ce yana da ƙane a Mali, shi ma haka zancen yake can. Na tsallaka da shi hanya, na zaunar da shi a gindin wata tsamiya wadda ba ta cikin haraba, amma ana hango layi. Nan ya zauna har aka ƙirga ƙuri'u a gaban jama'a. Alhaji Garba bai ba shi haƙuri da baki ba, amma da azahar na ga ya tsallaka ya ajiye masa butar alwala.

Abin da na koya shi ne, ranar zaɓe mutane ba mugaye ba ne, tsoro ne ke cikinsu kada a sace musu abin da suka tsaya a rana dominsa. Tsoron kuwa kan baƙo yake fara sauka.

Ina roƙon duk ƙaramin jami'in da ya karanta wannan: in taro ya nuna wani da yatsa, fara sa shi a bayanka, tambaya ta biyo baya. Kai kuma mai karatu da ke da kati a aljihu, ranar zaɓe ka fito ka shiga layi, ko da kana ganin naka ba zai ci ba.