Kalmar Ƙarshe a Teburin Hiltje

A garinmu Urk, garin masunta a bakin babban tafki, har yau in ka ambaci Hiltje ta gidan Loosman sai ka ga tsofaffi sun gyara zama, kamar za ta ɓullo ta bayan ƙofa ta tambaye su abin da fasto ya faɗa ranar Lahadi. Gajeriya ce mai faɗin kafaɗa, hannuwanta kullum jajir saboda ruwan sanyi da sabulu. Ubanta mai gyaran taru ne. Tana da shekara ashirin da ɗaya ta auri Riekelt masunci, ta haifa masa 'ya'ya takwas, Allah kuma ya raya su duka.

Jiragen kamun kifi Litinin suke fita teku, sai Juma'a su dawo. Kwana biyar a mako ke nan Hiltje ce uwa, ita ce uba, ita ce alƙali. Ba ta taɓa kuka da wannan ba. Abu ɗaya ne kawai ke hana ta sakat, kuma ba ta ɓoye shi ga kowa: takwas Ubangiji ya ba ta amana, takwas take so ta mayar masa, ba tare da ko ɗaya ya ɓace a hanya ba. Tana faɗin haka ne yadda wata za ta ce gobe wanki gare ta.

A gidanta, kamar kowane gida a layinmu, ba mai tashi daga tebur sai an karanta Littafi Mai Tsarki, safe da rana da yamma. In an gama, mai karatu ya rufe littafin ya kira sunan yaro ɗaya, yaron ya faɗi kalmar da aka tsaya a kanta. Wanda ya kasa, an san hankalinsa ya tafi yawo. Wasu iyayen sai sun tuna suke tambaya. Hiltje kuwa ko ranar da naƙuda ta fara mata a kan tebur, sai da ta ji kalmar ƙarshe daga bakin babban ɗanta Okke kafin ta yarda a kira ungozoma.

Sai dai idonta ba ya gani sosai, tabarau kuwa ta ce kayan matan birni ne masu son a kalle su. Don haka ɗaga littafin take yi har ya kusa taɓa hancinta. Littafi ne ƙato, gadon kakarta, in ta ɗaga shi ba abin da yara ke gani sai tsagar gashinta a sama da jajayen yatsunta a gefe. Muryarta na fitowa daga bayansa a hankali, ba hawa ba sauka.

Dirkje ce ta biyar. Tana da shekara huɗu ƙyanda ta kwantar da ita, a hunturun nan da tafki ya daskare har motoci suka riƙa bi ta kansa. Ta tashi lafiya, aka yi godiya a coci. Amma yarinyar da a da surutunta ke cika gida sai ta koma shiru-shiru. A kira ta daga tsakar gida ta yi biris. A aike ta sayen burodi ta dawo da gishiri. In ta buɗe baki kuma, sai ka ce daga jirgi take yi wa na kan tudu magana.

Da ta shiga makaranta, malamarsu ta zo gida wata ranar Talata da hantsi. Yarinya ce baƙuwa, ba 'yar garin ba, ta zauna a bakin kujera riƙe da kofin kofi, ta yi ta kewaye-kewaye kafin ta ce tana jin kamar Dirkje ba ta ji sosai, ko za a kai ta a duba kunnenta.

Hiltje ta ajiye butar kofi. "Malama, 'ya'yanki nawa?"

Malama ta ce ba ta yi aure ba tukuna.

"To ni takwas gare ni. Yarinyar nan shekara biyu ke nan ina tambayarta kalmar ƙarshe, ko sau ɗaya ba ta taɓa kuskurewa ba. Okke da kunnuwansa kamar faranti ya fi ta faɗuwa. Kunnenta ƙalau. Abin da ta ga dama take ji."

Malama ta shanye kofinta ta tafi. Hiltje ta ba maƙwabta labari har da kwaikwayon muryar malamar, aka yi dariya, uwata ma tana cikin masu dariyar.

Amma a ranta ba dariya take yi ba. In kunnen lafiya yake, to ciwon a zuciya yake ke nan, a cocinmu kuwa ba cutar da ake tsoro kamar taurin zuciya. Yarinya 'yar shekara shida tana jin uwarta tana kira tana yin kunnen ƙashi, in ta girma wa za ta amsa wa? Wannan tunanin ya ci Hiltje ƙwarai. Ta yi lallashi, ta yi faɗa. Ta hana ta alewar na'ana'a da ake raba wa yara lokacin wa'azi. Ta sha tsayar da ita a lungun shiga gida, fuska ga bango. Dirkje sai ta tsaya, ba kuka ba roƙo, wannan ma ya ƙara tabbatar wa uwar abin da take tsoro.

Riekelt in ya dawo ranar Juma'a yana warin kifi da taba, aka kai masa ƙara, sai ya ɗauki yarinyar ya ɗora a cinya ya ce, "Taurin kai? Oho, ina ta samo shi? A danginmu dai ba a san shi ba." Hiltje ta harare shi ta ce ya je ya wanke hannu.

Asiri ya tonu ne lokacin da ƙanwar Riekelt ta haifi tagwaye a garin Kampen, aka tura babbar 'ya, Marretje, ta je ta taya ta aiki mako biyu. Shekarunta goma sha uku, kuma kujerarta ce ke fuskantar ta Dirkje a tebur. Ranar farko da rana Hiltje ta rufe littafi ta kira Dirkje. Yarinyar ta dubi kujerar da ba kowa, ta dubi faranti, ta yi shiru. Washegari ma haka. Ranar Laraba an ci soyayyen kifi da dankali, aka yi karatu mai nauyi a kan ranar shari'a, Hiltje ta sauke littafi ta nuna ta da yatsa. Dirkje ta rarraba ido a kan fuskokin 'yan'uwanta. Okke, wanda cikinsa bai taɓa cika ba, yana can yana yi wa ƙaninsa raɗa ba sauti cewa ya turo masa kwanon dankalin da ya yi saura. Fuskar yarinyar ta washe, ta ɗaga kai ta faɗa da ƙarfi: "Dankali."

Ƙananan suka tuntsire da dariya. Hiltje ba ta yi ba. A ganinta wasa da Maganar Allah ne aka yi a kan teburinta, da bakin 'yarta. Ta kama hannun yarinyar ta kai ta lungu, ta dawo ta kwashe kwanuka.

Fushin Hiltje ba ya daɗewa, kafin ta gama wanke-wanke ya sauka, tausayi ya maye gurbinsa. Ta goge hannu ta je ta tsaya a bayan yarinyar ta ce, a hankali, ta yafe mata, ta zo su yi addu'a tare. Dirkje ba ta motsa ba. Ta sake faɗa. Uwar 'ya'ya takwas ta san bayan yaron da ke fushi: kafaɗa kan ɗage, wuya ya sandare. Wannan bayan kuwa a sake yake, yarinyar tana bin zanen takardar adon da aka liƙa a bango da ɗan yatsa abinta. Hiltje ta kira sunanta, ta ƙara murya, ta ƙara, har maƙwabciya ta buga bango tana tambaya ko lafiya. Sannan ta miƙa hannu ta taɓa kafaɗarta. Dirkje ta zabura kamar an watsa mata ruwa, don ba ta san da mutum a wurin ba.

Hiltje ta zauna a kan matakala.

Ba ta jira mako biyun ba, ta aika aka dawo da Marretje. Yarinyar ko riga ba ta cire ba ta fashe da kuka ta faɗi komai. Tun bayan ƙyanda ta gane. Kullum kafin Mama ta sauke littafi daga fuskarta, sai ita ta motsa leɓe ta nuna wa Dirkje kalmar, Dirkje kuma ta iya karanta baki fiye da yadda Okke ya iya karanta allo. Sauran yaran ma sun sani, ba wanda ya tona.

"Me ya sa ba ki faɗa mini ba?"

"Mama, ɗan gidan mai gasa burodi da aka gane ba ya ji, ɗauke shi aka yi aka kai makarantar kurame can nesa. Sai Kirsimeti yake zuwa. Ke kuma kullum kina cewa takwas."

Hiltje ta cire mata rigar ta rataye. Daga baya ta tambaya ko ban da kalmar ƙarshe tana gaya wa ƙanwarta sauran abin da aka karanta. Marretje ta ce ina, ai ba lokaci, kalma ɗaya ce kawai ke shiga kafin littafi ya sauka.

Nan ne abin ya soke ta. Shekara biyu da ɗoriya, sau uku a rana, tana zuba karatu tana alfahari, ashe 'yarta tsinken kalma ɗaya take samu: dutse, tumaki, jinƙai, hanya. Ta jawo Dirkje gaban taga inda haske yake, ta durƙusa har fuskokinsu suka daidaita, ta tambaye ta da buɗaɗɗen leɓe ko ta san abin da ake yi in an ɗauko littafin nan.

Dirkje ta ce ta sani. "Lokacin da kike shiga baya ki yi magana da Allah. Mu kuma mu jira ki fito."

Ranar nan Hiltje ta yi kuka a gaban 'ya'yanta, abin da ba su taɓa gani ba. Ta roƙi gafarar yarinya 'yar shekara shida, alewa ɗaya bayan ɗaya, tsayuwar lungu ɗaya bayan ɗaya. Dirkje ba ta kama rabin zancen ba, ta dai shafa mata kumatu. Washegari ta sa hular coci ta tafi makaranta ta ba malama haƙuri a gaban yara, malamar ta rasa inda za ta sa kanta.

Cikin makon ta sayi tabarau, mai baƙin kewaye, marar kyau ko kaɗan. Littafi ya sauka ya kwanta a kan tebur. Aka matso da kujerar Dirkje daf da tata, ta riƙa karanta layi ɗaya, ta ɗago kai ta maimaita shi a fuskar yarinyar. Karatun minti biyar ya koma na ashirin, Okke ya ce kafin a kai ƙarshen littafin nan ya yi jikoki. Matar da ta ɗauki madubi kayan girman kai, sai ga ta an kama ta a gabansa tana gwada leɓenta, tana duba ko ana gane "alheri" daga "alhaki".

Likitan birni bai ɓoye musu komai ba. Kunne ɗaya ya mutu, ɗayan saura kaɗan, na'urar ƙara ji ba za ta yi wani abin kirki ba. In ana so ta iya karatu da rubutu sosai kuma maganarta kada ta lalace, sai makarantar nan ta nesa. Riekelt ya ce ba inda za ta. Ta zauna a gida, ta koyi saƙa da gyaran kifi, ai ba kowa ne zai zama fasto ba. Kowa ya ɗauka Hiltje za ta fi shi kafewa. Ta yi wata guda tana juya maganar a ranta, tana ramewa. Wata Asabar suna shan kofi ta ce masa bakinta ba zai dawwama ba, ranar da aka rufe shi, yarinyar nan a fuskar wa za ta karanta? Dole ta iya buɗe littafin da kanta. Riekelt ya fita ya yi ta zagaya bakin tashar jirage, da ya dawo bai sake musu ba.

Dirkje ta yi shekara tara a makarantar. Ta fito ta zama tela, ta yi aure, ita ce kuma ta riƙa yi wa uwarta karatu da idon tsohuwar ya tafi gaba ɗaya. Daga bakinta na ji yadda ranar rabuwar ta kasance.

Mota biyu da jirgin ƙasa suka hau, da ƙaramin akwati da aka ɗinke sunanta a jikin kowace safa. A bakin ƙofar makarantar wata ma'aikaciya ta miƙo hannu za ta karɓi yarinyar, Hiltje ta ce a dakata, ba ta taɓa sallamar ɗa ba addu'a ba. Mu kuwa addu'a kai a sunkuye muke yin ta, ido a rufe, tun muna goye aka koya mana haka, wanda ya buɗe ido ma rankwashi yake sha. Hiltje ta durƙusa a kan duwatsun hanya da rigarta ta Lahadi, mutane na wucewa suna kallo. Ta ɗaga kai, ta buɗe ido, ta riƙe fuskar 'yarta da hannu biyu, ta fara roƙon Ubangiji ya tsare wannan ɗayar a inda ita ba za ta iya ba. Leɓenta na rawa, kalmomin suka cakuɗe.

Dirkje ta ƙura mata ido, ta ɗan ja hannun rigarta. "Mama, ban kama ba. Sake."

Hiltje ta haɗiye kukan, ta goge baki da bayan hannu, ta koma farko.